Darasi: Farantin Bayan Keke da Yadda Ake Ɗaure Shi Kada Ya Kwance

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bambanta keke mai firiwil da keke mai kafaffen faranti da keke mai birkin feda;
2. faɗin dalilin da ya sa taka feda gaba ke ƙara ɗaure faranti, danne ta baya kuma ke kwance shi;
3. ɗaura faranti da zoben kulle bi da bi, ya kuma gwada aikinsa kafin ya hau hanya;
4. lissafa tazarar da kekensa ke ci a zagayen feda ɗaya;
5. gane gyaran da bai kamata ya yarda a yi wa kekensa ba.

1. Abin da ya kawo maganar

Tun daga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur, kekunan da suka daɗe a jingine a zaure da gindin rumbu suka soma dawowa kan hanya. A Zamfara abin ya ma riga haka, domin an sha taƙaita hawan babur da sayar da mai a jarka saboda matsalar tsaro. Mutumin Tungar Daji da zai shiga Anka sayen magani, da manomin da ke fito da buhun dawa bakin titin Ɗaki Takwas, da ɗan makarantar da ke zuwa Gummi ko Bukkuyum daga ƙauye, da yawansu keke ne ƙafarsu.

Galibin kekunan nan tsofaffin ƙarfe ne. Akwai Raleigh, wanda asalinsa na birnin Nottingham ne a Ingila, an kuma taɓa harhaɗa shi a Kano. Akwai Phoenix na Shanghai a ƙasar Sin, da Hero na Ludhiana a Indiya. Jikinsu yana jure wahala, amma ƙura da yashi ba sa barin ƙaramin farantin nan na tayar baya ya huta. Idan ya soma ba da matsala a inda babu sabo kusa, sai a yi masa dabara: wani ya ɗana masa walda, wani ya ɗaure shi da waya a jikin sifok. Keken ya tashi, kowa ya yi murna. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, dabarar ta mai da keken wani iri dabam, mai nasa ƙa'idoji, shi kuwa mai hawa yana nan yana hawansa yadda ya saba.

2. Keke iri uku

Duba gefen dama na keke. Za ka ga faranti biyu masu haƙora, sarƙa ta haɗa su. Babban yana wajen feda. Ƙaramin yana tsakiyar tayar baya, a ɗaure a jikin hob. Yadda ƙaramin nan ya kama hob shi ne ya raba kekuna gida uku.

Na farko shi ne mai firiwil, wanda kowa ya sani. Idan ka taka, taya ta juya. Idan ka daina, taya ta ci gaba da gudu, ƙafarka tana hutawa, kana jin ƙaramar ƙara ƙas-ƙas-ƙas daga baya. Wannan ƙarar ta wasu 'yan harsunan ƙarfe ce, yawanci guda biyu, da ke cikin firiwil. Siririyar waya mai tsalle ce ke tura su sama. In ka taka gaba sai su cije haƙoran da ke ciki, in ka saki sai su riƙa zamewa a kansu.

Na biyu shi ne mai kafaffen faranti. Babu harshe, babu boris a cikin farantin, ƙarfe ne guda ɗaya a ɗaure da hob. Muddin taya tana juyawa, feda tana juyawa. Ka tura keken baya, feda ta yi baya. Mai hawa yana iya rage gudu ta hanyar taurara ƙafa ya ƙi bin feda.

Na uku shi ne mai birkin feda, wanda ake samu jefi-jefi cikin kekunan gwanjo. Yana barin ƙafa ta huta kamar mai firiwil, amma in ka danne feda baya sai birkin da ke cikin hob ya kama. Ana gane shi da wani ɗan hannun ƙarfe a gefen hagu na hob, wanda aka ɗaure a jikin keken. Idan wannan hannun ya kwance, birkin ya tafi. Ba shi ne batun darasin nan ba, an kawo shi ne don kada a rikita shi da na biyu.

> AKWATI NA 1
> Hob: ƙarfen da ke tsakiyar taya, wanda sifok ke fitowa daga jikinsa.
> Faranti: faifan ƙarfe mai haƙora da sarƙa ke hawa. Babba yana wajen feda, ƙarami yana jikin hob.
> Firiwil: ƙaramin faranti mai harsuna a ciki, wanda ke jan taya gaba kawai.
> Kafaffen faranti: ƙaramin faranti marar harsuna, wanda ke juyawa tare da taya gaba da baya.

Kafaffen faranti ba sabon abu ba ne, shi ne ma na fari. Keken da John Kemp Starley ya fitar a birnin Coventry na Ingila a 1885, mai suna Rover, wanda siffarsa ce kekunanmu suka gada, haka yake. Sai a ƙarshen shekarun 1890 firiwil ya bazu, mutane kuwa suka rungume shi hannu bibbiyu saboda gangara ta daina zama abin tsoro. A yau inda kafaffen ya fi zama shi ne filin tseren keke mai zagaye, irin wanda aka gina a babban filin wasa na Abuja don wasannin Afirka na 2003. Samarin wasu manyan birane na Turai da Amurka ma suna hawansa don sha'awa, daga nan ne kuma wasu kekunan ke faɗowa cikin gwanjo su iso kasuwanninmu.

3. Tiredi: a nan gizo ke saƙa

Firiwil da kafaffen faranti duka murɗa su ake yi a jikin hob, kamar yadda ake murɗa murfin jarka a bakinta. Layukan da suka zagaye bakin hob, waɗanda farantin ke bi ya shiga, su ne tiredi.

Tsaya a gefen dama na keke, kana fuskantar tayar baya. Idan ka juya faranti yadda hannun agogo ke tafiya, wato samansa ya nufi damanka, yana shiga yana ɗauruwa. Idan ka juya shi hagu yana fita. Yanzu lura da sarƙa. Duk lokacin da aka taka feda, sarƙa tana jan saman farantin zuwa gaban keke, wato zuwa damanka. Ashe ke nan kowane taku ɗaurewa ne. Shi ya sa firiwil ba ya buƙatar wani abin riƙe shi, shi ya sa kuma wanda ya shekara biyar yana ɗaukar buhu yake gagarar mai gyara ranar cirewa.

To, juya lamarin. A ce keke yana gudu, mai hawa ya taurara ƙafa. Sarƙa ta riƙe faranti, ita kuwa taya tana son ci gaba da nauyin mutum da na kaya. Hob yana juyawa dama, faranti a tsaye. Wannan daidai yake da a ce ka kama faranti ka murɗa shi hagu. A keke mai firiwil ba abin da zai faru, harsuna za su zame, ƙarfin ya wuce a banza. A keke mai kafaffen faranti ƙarfin duka a kan tiredi yake sauka. Idan babu abin da ya tare shi, faranti zai kwance.

Yi tunanin lokacin da hakan ke faruwa. Ba a tsaye ba ne, ba kuma a hawan tudu ba. Mutum ba ya danne feda baya da ƙarfi sai ya ga abin da ya tsorata shi: akuya ta yanko hanya, ko yaro, ko rami a gindin gangara. A daidai wannan lokacin ne feda za ta yi sakayau a ƙafarsa, keken ya ci gaba da gudunsa. Wani lokaci kuma farantin da ya fita ya karkace, sarƙa ta faɗa tsakaninsa da ƙarfen keke, taya ta cije nan take ta watsar da mai hawa.

> AKWATI NA 2
> Tiredi: layukan da aka yanka a jikin ƙarfe don a murɗa wani ƙarfen a kansa.
> Tiredin dama: wanda ke ɗauruwa idan an juya yadda hannun agogo ke tafiya. Yawancin notuna haka suke.
> Tiredin hagu: wanda ke ɗauruwa idan an juya saɓanin hannun agogo.

Tiredin hagu ba baƙo ba ne a jikin kekenka. Fedar hagu haka take. Yaran gareji da yawa sun ɓata hannun feda suna ta murɗawa hagu da nufin cirewa, alhali ƙara ɗaure ta suke yi.

4. Zoben kulle

Maganin da masu ƙera keke suka samo mai sauƙi ne. Hob ɗin da aka yi don kafaffen faranti yana da tiredi hawa biyu. Na ciki, kusa da sifok, ya fi faɗi, kaurinsa inci 1.37, kusan milimita 35, kuma na dama ne. A nan faranti ke zama. Na waje ya ɗan fi shi ƙanƙanta, a mafi yawan hob inci 1.29, kusan milimita 33, shi kuwa na hagu ne. A nan ake murɗa wani siririn zobe mai tsaga-tsaga a bakinsa.

Ga yadda yake aiki. Faranti ya yi yunƙurin kwancewa, ya juya hagu, ya goga jikin zobe, ya ja shi hagu. Amma hagu a wurin zobe ɗaurewa ce. Iyakar ƙoƙarin faranti na fita, iyakar matse shi da zobe ke yi.

Hob ɗin Raleigh da Phoenix da Hero da muka saba da su tiredi ɗaya gare shi, na dama, inci 1.37. Kafaffen faranti zai hau kansa daram, domin girman ɗaya ne. A nan mutane ke ruɗuwa: tun da ya shiga, sai su ɗauka ya yi. Ya shiga, amma babu gurbin zobe.

Wasu kan ɗauko zoben da ke riƙe kofin boris na wajen feda, su murɗa a bayan farantin, har su zuba gam. Galibi shi ma zai shiga, saboda a yawancin kekuna tiredinsu ɗaya. Sai dai na dama ne kamar farantin, don haka hanyar fitarsu ɗaya. Ranar da ƙarfi ya yi yawa, tare za su kwance.

> AKWATI NA 3
> Zoben kulle: siririn zobe mai tiredin hagu da ke tare kafaffen faranti daga waje.
> Hob mai hawa biyu: hob mai tiredi babba na faranti da ƙarami na zoben kulle.
> Bulalar sarƙa: sandar ƙarfe da aka liƙa wa guntun sarƙa, ana kama faranti da ita a murɗa.

5. Ɗaurawa, bi da bi

Kayan aiki: tsumma, kananzir, giris, sifana mai lamba 15 ta notin taya, sifana mai ƙugiya ta zoben kulle, da bulalar sarƙa. Bulalar ba sai an je Gusau nemanta ba. Faffaɗan ƙarfe mai tsawon kamu biyu da guntun tsohuwar sarƙa sun isa, kowane maƙeri ko mai walda zai haɗa maka.

*Na ɗaya.* Wanke tiredin hob da na faranti da na zobe da kananzir, ka goge tas. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin tiredi takan sa ka ji kamar ya ɗauru alhali da saura.

*Na biyu.* Shafa giris kaɗan a tiredin. Wasu na ganin giris zai sa ya kwance. Ba haka ba ne. Busasshen tiredi yana cijewa tun bai kai ƙarshe ba, mai giris kuwa yana tafiya har gindi, yana kuma hana tsatsa.

*Na uku.* Faranti yana da gefe mai ɗan tudu. Wannan gefen shi ke fuskantar sifok. Soma murɗawa da yatsu, zuwa dama. Ya kamata ya tafi sumul zagaye da yawa. Idan ya cije tun a zagaye na farko ko na biyu, ya hau a karkace. Dawo da shi ka sake. Kada ka ce sifana za ta gyara, musamman in hob ɗin na alminiyam ne, domin ƙarfen faranti ya fi shi tauri, zai yanka masa sabuwar hanya ya lalata tsohuwar.

*Na huɗu.* Naɗa bulalar sarƙa a kan haƙora, ka jingina taya a ƙasa, ka danna da nauyin jikinka har ya ƙi motsi.

*Na biyar.* Murɗa zobe da yatsu, zuwa hagu, har ya taɓa faranti. Sa'an nan ka sa sifana mai ƙugiya ka matse sosai. Wanda ba shi da ita yakan sa dakusasshen ƙarfe a tsagar zoben ya buga da guduma. Yana yi, amma yana cin bakin tsagar, kuma da wuya ka san iyakar matsin da ka yi. In dole ce, a buga a hankali, a riƙa sauya tsaga.

*Na shida.* Mayar da taya, ka ɗora sarƙa. Kara tayar gaba da bango, ka daidaita fedar dama tana kallon gaba, ka hau kanta da duk nauyinka sau uku ko huɗu. Ko kuma ka hau ɗan tudu da ƙarfi, ba tare da ka danne feda baya ko sau ɗaya ba.

*Na bakwai.* Sake matse zobe.

Mataki na shida da na bakwai su ne mutane suka fi tsallakewa, su ne kuwa suka fi muhimmanci. Ƙafa ta fi hannu ƙarfi. Duk yadda ka matse da bulala, takun farko mai nauyi zai iya ƙara shigar da faranti ɗan kaɗan. Da ya matsa ciki, ya bar rata tsakaninsa da zobe, ratar da ido ba ya gani. Daga nan in ka danne baya sai ya fito ya bugi zobe, in ka taka gaba ya koma. Yau da gobe wannan kai da komowa ke lashe tiredin hob, hob ɗin da tiredinsa ya lashe kuwa sai dai a kwance sifok duka a sa wani.

Ga wata dabara mai arha. Bayan ka gama, ja siririn layi da fenti ko jan farce, ya ratsa zobe da faranti da jikin hob. Kowace safiya ka kalle shi. In layin yana nan a miƙe, komai na nan. In ya rabu, wani abu ya motsa. Haka kuma in kana tafe ka ji feda ta ɗan zame tsakanin takawa da dannewa, ko da rabin inci ne, sauka ka tura keken.

6. Sarƙa da yatsu

A keke mai firiwil, sarƙa ta faɗi sai ka ja birki ka sauka ka mayar. A mai kafaffen faranti, sarƙar da ta faɗi tana iya naɗewa a hob ta tsayar da taya cak. Don haka kada ta yi sako-sako. Kama ta a tsakiyar faranti biyun ka ɗaga: ta motsa sama da ƙasa kamar santimita ɗaya, wato kaurin ƙaramin yatsa. Juya feda a hankali ka gwada a wurare da dama, domin faranti ba ya rasa ɗan karkata, akwai inda sarƙa ta fi tauri. A wurin da ta fi taurin ake aunawa. In ta yi tauri ƙwarai kuma, boris ne zai ci wuya. Ka tsaya ta baya ka hango: faranti biyun su kasance a layi ɗaya. Sa'an nan ka matse notin taya dama da hagu, kaɗan-kaɗan, kana duba kada taya ta karkace.

Kada ka taɓa goge sarƙar irin wannan keke da tsumma alhali taya tana juyawa. Nauyin taya shi ke jan sarƙa, ba zai tsaya don yatsa ya shiga ba, kuma mutane sun rasa kan yatsa ta haka. Yara kuwa ba abin da suke so kamar a kifa keke su riƙa wulwula feda. A hana su. In tsautsayi ya faɗa, a danne ciwon da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama, a nufi asibiti, a kuma tambayi allurar rigakafin sandarewar jiki da ake yi wa wanda ƙarfe ya yanka. Bakin wando da gefen babbar riga su ma a tattare su kafin a hau.

7. Misalai daga rayuwar yau da kullum

*Misali na 1: firiwil mai zamewa.* Wani dattijo ya turo kekensa wurin mai gyara a ranar kasuwa. In ya taka, feda tana wulwulawa a banza, taya ba ta bi.

"Baba, mi ya same shi?"

"Yaro, tun sanyin bana yake haka. In gari ya yi zafi ya kama, da safe ya ƙi. Ɗana mishi walda kawai in huta."

"Baba, a yi haƙuri in duba tukuna. In na yi walda, ranar da kuka danne feda kan gangara zai kwance."

Mai gyaran ya kwantar da keken gefen dama yana sama, ya ɗiga kananzir a siririn layin da ke tsakanin ɓangaren da ke juyawa da wanda ke tsaye, yana juya farantin baya. Baƙin ruwa ya yi ta fitowa. Can sai ƙas-ƙas ta dawo. Ya bari ya tsane, ya ɗiga ɗan bakin mai.

Bayani: ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon mai ta zama danƙo, ta manne harsuna a kwance. Sanyin safiya yana ƙara daskarar da ita. Ba abin da ya karye. Da wankin bai yi ba, sai a buɗe murfin firiwil, wanda ke da 'yan ramuka biyu a fuskarsa. A yawancinsu tiredin hagu ne, dama ake buga shi ya buɗe. A shimfiɗa tsumma a ƙasa, don ƙananan boris za su zubo da yawa. Idan harshe ya karye ko haƙoran ciki sun cinye, a sayi sabon firiwil. Firiwil ɗin da aka yi wa walda kafaffen faranti ne a kan hob marar zobe. In kuma aka haɗa shi da hob ɗin kansa da walda, zafi zai ƙone giris ya taɓa mazaunin boris, ranar da haƙora suka cinye kuma sai an zubar da hob gaba ɗaya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ɗaure faranti da waya a jikin sifok yana iya fitar da mutum daga daji ya kai shi gida a hankali, amma yana lanƙwasa sifok, kuma a kwance shi a ranar.

*Misali na 2: lissafin haƙora.* Wani manomi yana da keke mai babban faranti haƙora 44, ƙarami haƙora 18. Tayar irin waɗannan kekuna, mai inci 28, tana cin kusan mita 2.2 a juyi ɗaya.

44 ÷ 18 = 2.44. Wato feda ta zagaya sau ɗaya, taya ta juya kusan sau biyu da rabi.
2.44 × 2.2 = kusan mita 5.4 a zagaye ɗaya.

Ya ga yashin hanya da nauyin buhu suna gajiyar da shi, sai ya sa mai haƙora 22.

44 ÷ 22 = 2.
2 × 2.2 = mita 4.4.

Taku ya yi sauƙi, gudu ya ragu. Da firiwil wannan canji ne mai kyau ga mai ɗaukar kaya, sai dai wataƙila a ƙara wa sarƙa tsawo. To a ce farantin kafaffe ne, keken kuma ya kama gangara yana gudun kilomita 30 a awa. Wannan mita 500 ke nan a minti ɗaya.

500 ÷ 4.4 = kusan 114.

Ƙafarsa za ta zagaya sau 114 a minti, kusan sau biyu kowace daƙiƙa, ko yana so ko ba ya so. In ƙafa ta kuɓuce daga feda, mayar da ita sai an sha dukan ƙwauri.

*Misali na 3: keken gwanjo.* Wani saurayi ya sayo siririn keke marar nauyi. Hob ɗin baya yana da faranti a gefe biyu: firiwil a ɗaya, kafaffe a ɗayan. An yi shi ne don a riƙa juya taya a zaɓi wanda ake so. Da ya duba gefen kafaffen, sai ya ga tiredi ƙarami a waje, tsirara, babu zobe. Abin da ya dace: ya juya taya ya hau gefen firiwil har sai ya samu zobe. In ya samu, ya gwada da yatsu tukuna, domin zoben wasu kamfanonin Italiya da Faransa girmansa ya ɗan bambanta, kuma wanda bai dace ba yana iya yin kamar ya shiga.

8. Birki

A filin tsere ana hawan keke mai kafaffen faranti babu birki ko ɗaya, domin kowa gefe ɗaya ya nufa, ba jaki, ba amalanke, ba mai tsallaka hanya. Titi ba haka yake ba. A Ingila doka ta wajabta wa mai kafaffen faranti ya sa birkin gaba in zai hau titi. A 2016 wani saurayi ya buge wata mata a Landan da keken tsere marar birkin gaba, ta rasu, a 2017 kotu ta ɗaure shi wata 18.

Ko da zobe ya ɗauru yadda ake so, ƙafa tayar baya kawai take riƙewa, alhali lokacin tsayawa nauyi gaba yake komawa, birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin. A kan yashi da tsakuwar hanyoyinmu tayar baya da an riƙe ta sai ta ja ƙasa. A ganin mai wannan darasi, wanda ke ɗaukar buhu ko jarkar ruwa ko goyon yaro a kariya ba shi da wata riba a kafaffen faranti. Firiwil mai tsabta da birki biyu masu sabuwar roba sun fi masa. Mai sha'awar kafaffen kuwa ya nemi hob mai hawa biyu, ya bar birkinsa biyu a jiki, ya kuma koyi hawa a fili kafin ya shiga kasuwa. Ya tuna cewa a kwana feda ba za ta tsaya a sama ba, in ya kwanta da yawa za ta tokari ƙasa.

Tambayoyin bita

1. Faɗi hanya ɗaya da za ka gane keke mai kafaffen faranti ba tare da ka hau shi ba.
2. Me ya sa firiwil ba ya buƙatar zoben kulle?
3. Kana tsaye a gefen dama na keke. Ta wane gefe ake ɗaure faranti? Ta wane gefe ake ɗaure zoben kulle?
4. Me ya sa zoben da aka ciro daga wajen feda ba zai maye gurbin zoben kulle ba, alhali yana shiga?
5. Bayyana abin da ke faruwa da tiredin hob idan ba a sake matse zobe bayan takun farko ba.
6. Keke yana da babban faranti haƙora 48, ƙarami haƙora 20, taya tana cin mita 2.2. Mita nawa yake ci a zagayen feda ɗaya?
7. Maƙwabcinka ya ce zai kai firiwil ɗinsa a yi masa walda. Wace shawara za ka ba shi, kuma me za ku gwada kafin a kashe kuɗi?
8. Aikin gida: ƙirga haƙoran faranti biyu na keken gidanku ko na maƙwabta, ka auna motsin sarƙarsa da yatsa, ka rubuto abin da ka samu don a tattauna a aji.